Tambayoyi da Amsoshi Kan Ziyarar Badagry, Garin Bakin Teku a Jihar Legas

Yawancin mutanen Arewa da suka san sunan Badagry sun san shi ne a matsayin garin da ake ratsawa a kan hanyar Kwatano, inda mota kan tsaya a sha ruwa kafin a ƙarasa kan iyaka. Kaɗan ne suke sauka su kwana. An tattara waɗannan tambayoyi domin wanda yake son ya sauka, ko shi kaɗai ne, ko da iyali, ko da ɗaliban makaranta.

A ina Badagry take, kuma su wane ne mutanenta?

Badagry ƙaramar hukuma ce a ƙarshen yammacin Jihar Legas, kuma tana ɗaya daga cikin manyan yankuna biyar da aka kasa jihar, tare da Ikeja, Ikorodu, Epe da tsibirin Legas. Tsakaninta da tsakiyar birnin Legas kimanin kilomita 70 ne, kuma daga gare ta sai Seme, wato kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Garin bai zauna a bakin teku kai tsaye ba. Yana gefen wani dogon mashigin ruwa ne wanda ya taso daga Legas ya bi ta gabansa har zuwa Porto-Novo, sai mutum ya haye wannan ruwa ya ratsa wani siririn tudun rairayi mai itatuwan kwakwa kafin ya ga Tekun Atlantika.

Mutanen garin na asali su ne Ogu, waɗanda aka fi sani da Egun, kuma harshensu ɗan'uwan harsunan kudancin Benin ne, ba Yarbanci ba ne, ko da yake kusan kowa yana jin Yarbanci. Akwai kuma Yarbawan Awori a ƙauyukan kewaye. Sarkin garin ana kiransa Akran, kuma tsohon garin ya kasu unguwanni takwas, kowace da nata mai sarauta. Sana'o'in gado su ne kamun kifi, noman kwakwa da rogo, saƙar tabarma, da fatauci tsakanin ƙasashen biyu.

Mene ne alaƙar mutumin Arewa da wannan gari, har da zai ɗauko ƙafa tun daga Kano ko Sakkwato?

Alaƙar ta fi yadda ake zato tsufa. A ƙarni na 18 da farkon na 19 Badagry tana cikin tashoshin da hanyar fataucin daular Oyo take ɓullewa teku, kuma wannan hanya ita ce ta haɗu da hanyoyin Nupe da Borgu da ƙasar Hausa. Ta nan kanwa da tufafi suka gangaro kudu, ta nan kuma aka gangaro da mutane. Daga cikin waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen wancan zamani, har da na farkon jihadi, akwai Hausawa da yawa da aka sayar a tashoshin wannan gaɓa, wato Legas, Badagry, Porto-Novo da Ouidah, aka haye da su zuwa lardin Bahia na ƙasar Burazil. Tarihin Bahia ya adana labarin boren da bayi Hausawa suka shirya a 1807 da wanda suka yi a 1814, sannan a watan Janairun 1835 aka yi babban boren Musulmi a birnin Salvador, wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa amma akwai Hausawa, kuma an tsinci layu da rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe. Wanda ya tsaya a bakin ruwan Badagry yana tsaye ne a ɗaya daga cikin ƙofofin da irin waɗannan mutane suka fita.

Turawan da suka nufi Sakkwato ma ta nan suka shigo. Hugh Clapperton ya tashi daga Badagry a watan Disambar 1825 a tafiyarsa ta biyu zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa da Kano, ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya dawo Badagry, inda aka zarge shi da leƙen asiri aka tilasta masa shan gubar rantsuwa, ya sha kuma bai mutu ba. A 1830 ya sake sauka a garin tare da ƙanensa John, kuma sun rubuta cewa sun tarar da malamai Hausawa a can, har sun ga Musulmin garin sun fita sallar idi bayan azumi.

A zamanin nan kuma ma'aikatan gwamnati da yawa daga Arewa sun yi kwas a kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON da ke Topo, wadda aka kafa a 1973, kuma ɗaliban Faransanci na jami'o'inmu kan zauna a ƙauyen koyon Faransanci da ke Ajara, wanda aka kafa a 1991. A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka tsara za ta ratsa Kebbi, Neja, Kwara, Oyo da Ogun.

Yaushe aka kafa garin?

Amsa biyu mai ziyara zai ji. Labarin baka yana cewa wani manomi mai suna Agbede ne ya fara zama a wurin wajen 1425, kuma daga sunan gonarsa, Agbedegreme, Turawa suka lanƙwasa harshe suka ce Badagry. Masana tarihin da suka bi takardun 'yan kasuwar Turai kuwa suna ganin bunƙasar garin ta faro ne a shekarun 1730, bayan da daular Dahomey ta ci garin Allada a 1724 da Ouidah a 1727, mutane suka gudo gabas, sannan wani ɗan kasuwar Holan mai suna Hendrik Hertogh ya kafa wurin cinikinsa a nan a 1736. Ba lallai ne maganganun biyu su yi karo ba, domin ƙauyen masunta yana iya daɗewa kafin ya zama tashar jiragen Turawa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, shekarun da ake rubutawa a allunan garin, kamar 1502 da ake danganta wa kasuwar bayi ta Vlekete, daga labarin baka suka fito. Dahomey ta rusa garin a 1784, aka sake gina shi, sarakunansa suka sa hannu kan yarjejeniyar daina cinikin bayi da Ingila a 1852, kuma a 1863 ya shiga ƙarƙashin mulkin Ingila.

Waɗanne wurare ya kamata a gani, kuma daga ina za a fara?

Sa'ar da mai ziyara ya yi ita ce yawancin wuraren suna jere a kan titin Marina da ke bakin ruwa ko kusa da shi, ana iya zaga su da ƙafa. Ya fi kyau a fara da gidan tarihi na gwamnati da ake kira Badagry Heritage Museum, wanda yake cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, aka mayar da shi gidan tarihi a 2002. Ɗakunansa suna bin labarin daki-daki, daga kamu zuwa kasuwa, zuwa cikin jirgi, zuwa gonakin rake, zuwa hana cinikin, don haka wanda ya fara da shi zai fahimci abin da zai gani a sauran wuraren.

Daga nan sai ɗan ƙaramin gidan tarihin iyalan Mobee, waɗanda kakanninsu suka yi wannan ciniki kuma jikokinsu suke riƙe da kayan har yanzu. Ɗaki ne ƙarami, amma a nan ne ake barin mutum ya taɓa ƙarfen da hannunsa. Akwai sarƙar wuya, da mari na ƙafa, da ƙananan mari waɗanda ba sa shiga ƙafar babba, da wani makulli da ake cewa ana huda leɓe a sa wa wanda ake horo, da wani babban kwanon ƙarfe da ake zuba ruwa mutane su sunkuya su sha hannuwansu a ɗaure. Mai rakiya yakan ɗora wa baƙo sarƙar a wuya. Ba a cika minti guda ba kafaɗa take fara sauka, kuma galibi a nan ne surutun 'yan makaranta yake ɗaukewa.

Sai gidan Seriki Abass, da wurin kasuwar Vlekete, da benen mishan, da ginshiƙin da aka kafa a gurbin bishiyar Agia, inda aka fara wa'azin Kirista a garin, da maƙabartar 'yan mishan na farko. A bar hayewa zuwa tsibirin Gberefu ya zama na ƙarshe, domin shi ne ƙarshen labarin.

Wane ne Seriki Abass, kuma me ya sa sunansa ya yi kama da na Bahaushe?

Kalmar Seriki ita ce sarki ta Hausa a bakin Yarbawa, kuma sarautar da ya riƙe ita ce Seriki Musulumi, wato shugaban Musulmin gari. Shi kansa Bayarabe ne daga Joga-Orile a Jihar Ogun ta yanzu, sunansa na yanka Ifaremilekun Fagbemi. An kama shi yana yaro, ya zama bawan wani mai suna Abassa, wanda ya sayar da shi ga wani ɗan kasuwar Burazil mai suna Williams, kuma sunayen iyayen gidan nan biyu ne suka bi shi har kabari. A Burazil ya koyi karatu da harsunan Turawa, ya dawo ya zama dillalin irin cinikin da aka yi da shi, ya yi arziki, daga baya ya zama babban mai sarauta a ƙarƙashin Turawan Ingila, ya rasu a 1919. Kabarinsa yana cikin gidan.

Gidan ana kiransa Brazilian Barracoon, wato kurkukun ajiye bayi kafin jirgi ya iso, kuma an ce ɗakuna arba'in ne a da, amma yanzu iyalansa suna zaune a mafi yawansu, 'yan kaɗan aka bari don nuni. Ɗakin bai wuce zauren ƙaramin gida ba, tagarsa ɗaya ce ƙarama can sama, kuma masu rakiya suna cewa mutum arba'in ake cusawa a ciki. Za su kuma nuna wata tsohuwar laima da wasu tangaraye, su faɗi adadin mutanen da aka bayar a musayar kowanne. Waɗannan adadi daga bakin iyali suke, a saurare su a haka. Musulmin da ya shiga gidan nan ba zai fita da sauƙin cewa laifin na Turawa ne kaɗai ba, domin mai gidan shugaban Musulmi ne, kuma a ganina wannan rashin sauƙin yana cikin amfanin ziyarar.

Yaya ake zuwa wurin da ake kira Point of No Return?

Ma'anar sunan ita ce inda ba a dawowa, kuma yana kan tsibirin Gberefu, tsallaken ruwa daga Marina. Ana shiga kwalekwale mai inji, cikin 'yan mintoci an haye, sannan a taka da ƙafa a kan hanyar rairayi na kimanin minti ashirin zuwa talatin kafin a kai teku. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da ake cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta, wai an yi mata asiri don su manta gida su daina turjiya. Ko mutum ya yarda da asirin ko bai yarda ba, ya tuna cewa wanda ya yi watanni a ɗaure cikin duhu da yunwa ba ya bukatar asiri kafin ya fita hayyacinsa.

Hanyar ba ta da inuwa sosai, kuma rairayin yana ƙuna da rana tsaka, saboda haka a tafi da safe ko bayan la'asar, a ɗauki ruwan sha, a sa takalmin da ba zai nutse ba. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa suna iya hawa babur a tsibirin. Teku tana fara sanar da kanta da ƙara tun kafin a gan ta, sai itatuwan kwakwa su buɗe, mutum ya ga ruwa har iyakar ganinsa. A da jiragen ba sa iya matsowa gaɓa saboda ƙarfin igiyar ruwa, sai su tsaya can nesa, a riƙa kai musu mutane a cikin kwalekwale. A yi ciniki da mai jirgi kan zuwa da dawowa tun kafin a shiga, kuma a ajiye rabin kuɗin sai an dawo.

Da gaske ne benen farko a Najeriya yana Badagry?

Haka aka rubuta a jikinsa, kuma haka ake koya wa yara a makaranta. Gini ne na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, wanda limamin kirista Charles Gollmer ya kammala a 1845, yana kallon ruwa, da tagogin katako da matakala ta katako. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama yana yaro aka kuɓutar da shi daga jirgin bayi, daga baya ya zama bishop ɗin Angilika na farko baƙar fata, ya zauna a ciki, kuma ana nuna ɗakinsa da tsofaffin littattafan Baibul na Turanci da na Yarbanci. A harabar akwai rijiyar da har yanzu ake ɗiban ruwanta.

Bakano ko Bakatsine yana da damar ya yi murmushi a nan. Clapperton ya shiga Kano a 1824, shekara ashirin da ɗaya kafin a gama wannan gini, kuma ya bayyana gidajen ƙasa masu hawa da matakala da ya gani a birnin, balle a yi maganar hasumiyar Gobarau. Abin da ya fi daidai a ce shi ne benen farko irin ginin Turawa. Ba sai an yi gardama da mai rakiya a kan wannan ba, aikinsa yake yi, kuma ginin ya cancanci a gani ko ba da wannan kirari ba.

Wuraren da suka shafi wani addini fa, akwai matsala idan Musulmi ya shiga?

Benen mishan gidan tarihi ne, ba wurin ibada ba ne, kuma kowa yana shiga. Haka ma ginshiƙin Agia, wanda yake nuna inda Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya yi wa'azinsa na farko a ranar 24 ga Satumba, 1842, a gindin wata bishiya da guguwa ta kayar a 1959. Daga wannan zuwa ne aka kafa makarantar firamare ta St. Thomas, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a ƙasar nan.

Wuraren addinin gargajiya su ne suke bukatar lura. Vlekete sunan abin bautar teku ne, kuma akwai wurin tsafinsa kusa da tsohuwar kasuwar, ba a kutsa kai sai da izinin masu shi. Akwai kuma Zangbeto, dodon da aka lulluɓe da zaren rama ko ganyen tukurwa daga sama har ƙasa kamar ɗan ƙaramin rumbu, yana juyi kamar guguwa. A al'adar Ogu shi ne mai gadin dare, kuma mutanen gari ba sa ɗaukarsa abin wasa. Idan aka yi kiciɓis da shi a hanya, a ja gefe, kada a taɓa shi, kada a ɗaga waya a ɗauki hotonsa sai an tambaya. Masallatai kuwa suna da yawa, ba za a sha wahalar samun jam'i ko Juma'a ba.

Yaya ake zuwa daga Arewa?

Dole a fara isa Legas, ko ta jirgin sama zuwa Ikeja, wanda daga Kano yake ɗaukar kimanin awa ɗaya da rabi, ko ta manyan motocin dare masu ratsa kusan kilomita dubu. Daga cikin Legas mashigar hanyar ita ce Mile 2, inda motocin haya suke lodin Badagry da Seme. Wanda yake tsibirin Legas yana iya hawa jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a 2023 daga Marina ta Legas zuwa Mile 2. Hanyar tana bi ta Festac, Trade Fair, Iyana Iba inda jami'ar jihar take, Okokomaiko da Agbara. Wanda ya sauka a filin jirgi yana iya yankewa ta Igando ya ɓullo Iyana Iba, bai shiga Mile 2 ba.

Nisan ba shi ne matsala ba, cunkoso ne. An daɗe ana aikin faɗaɗa titin, kuma tafiyar da za a yi cikin awa ɗaya da rabi da asuba tana iya cin awa uku ko fiye da yamma. A tashi bayan sallar asuba, kuma kada a tsara dawowa Legas a daren da ake da jirgin sama. A cikin gari akwai keke mai ƙafa uku da 'yan acaɓa, da yawansu ma 'yan Arewa ne, kuma sukan san masauki mai sauƙi da wurin cin tuwo fiye da kowace taswirar waya.

An ce shingayen bincike sun yi yawa a hanyar. Me ya kamata a riƙe?

Gaskiya ne, musamman daga Agbara zuwa Badagry da kuma daga Badagry zuwa Seme, domin hanyar kan iyaka ce da ta yi suna wajen fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur da motoci. Za a ga kwastan, jami'an shige da fice, 'yan sanda, sojoji da jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi, wani lokaci shinge yana hango shinge. Bahaushe ya san cewa shi ne aka fi tambaya ko ɗan Najeriya ne, don haka ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo a aljihun gaba. Jami'i zai leƙo ya ce, “Alhaji, ina zuwa?” Amsa gajera cikin ladabi da miƙa kati ta fi saurin sallamar mutum fiye da dogon bayani. Mai tuƙa motarsa ya tabbata takardunta sun cika, har da takardar biyan kuɗin kwastan. Kada a karɓi saƙon jaka ko kwali daga wanda ba a sani ba a tasha, ko da ya haɗa mutum da Allah.

Ana iya zuwa ta ruwa?

Ana iya. Jiragen ruwa masu inji suna tashi daga wasu tashoshin Legas kamar Mile 2 da Apapa zuwa Badagry, suna kauce wa cunkoso, kuma mutum yana ganin ƙauyukan masunta da kurmin bakin ruwa. Sharaɗi uku ne: a sa rigar kariya daga nutsewa a ɗaure ta sosai, kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kuma kada a yi tafiyar dare.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, domin ruwan sama ya ɗauke, kuma hunturun da yake fasa leɓe a Arewa idan ya iso nan ya zama ɗan sanyin safiya kawai. Damina tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni ne kan gaba, sai ta ɗan lafa a Agusta ta dawo a Satumba da Oktoba. Zafin nan bai kai na bazarar Sakkwato ba a ma'auni, amma danshin iska yana hana zufa bushewa, shadda mai sitaci takan jiƙe kafin azahar, don haka a ɗauki tufafin auduga marasa nauyi. Mai son ganin al'ada ya nufi watan Agusta, lokacin bikin shekara na garin, wanda ake haɗa shi da ranar 23 ga wata da hukumar UNESCO ta ware don tunawa da cinikin bayi. A irin wannan biki ne ake fito da gangunan Sato, waɗanda tsayinsu ya fi mutum, makaɗa suna tsalle kafin su kai ga fatar. Sauro yana nan duk shekara.

Za a iya yin wanka a teku?

Shawarata ita ce a'a. Iya iyo a Tiga ko a kogin Kaduna ba ya nufin iya wannan ruwa. Gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa tana dukan mutum ta kayar da shi, sannan idan tana komawa ta janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, kuma akwai wuraren da ruwan yake ja zuwa ciki da ƙarfin da ba a iya yi masa gardama. A yawancin bakin tekun babu masu ceto. A tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, a riƙe hannun yara, kuma kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Don hutawa akwai Suntan Beach a kan hanyar Seme, mai rumfunan ciyawa da dawakin haya, da kuma wurin shaƙatawa na Whispering Palms a Iworo, wanda yake bakin mashigin ruwa inda babu igiya. Ranakun hutu da Lahadi ana cika da kiɗa da shaye-shaye, mai iyali zai fi jin daɗin ranakun aiki da safe.

Kwana nawa ya isa, kuma a ina ake sauka?

Ana iya gamawa a yini ɗaya, amma a guje, rabin yinin kuma a mota. Kwana ɗaya da yini biyu ya fi: ranar farko gidajen tarihi da Gberefu, rana ta biyu kasuwar Agbalata da bakin teku ko Topo, inda 'yan mishan ɗin Katolika suka kafa gonar kwakwa a 1876. Akwai otal-otal a cikin gari da Ajara da kan hanyar Seme. Kafin a biya a ga ɗakin, a tambayi awa nawa ake kunna janareta, a buɗe famfo a gani, kuma a duba ko akwai mashaya a jikin ɗakin, domin kiɗanta yana iya kaiwa asuba.

Abinci fa?

Kifi ne sarkin abincin garin, ɗanye da kyafaffe, tare da jatan lande da ƙaguwa, ana ci da tuwon masara, teba ko agidi, da miya mai yaji sosai. Mabiyin mazhabar Malikiyya ba shi da damuwa da abin da ya fito daga ruwa. Nama ne ake tambaya a kansa, domin akwai wuraren da ake sayar da naman alade, akwai kuma bammi da barasar gargajiya da ake zubawa a gorar ruwa. Wanda cikinsa bai saba ba ya nemi unguwar Hausawa ko tashar mota, zai sami mai shayi, mai tsire da mai tuwo. Ruwan ɗanyar kwakwa da ake sare kanta a gaban mutum shi ne abin sha mafi aminci a bakin teku.

Nawa za a kashe?

Farashi yana canzawa da sauri, don haka a yi lissafi da yawan wuraren biya. Kowane gidan tarihi yana da kuɗin shigarsa dabam, domin wasu na gwamnati ne wasu na iyalai, wani wurin ana ƙara kuɗin ɗaukar hoto, ga kuɗin jirgi, ga ihsanin mai rakiya. A ɗauki mai rakiya ɗaya daga gidan tarihi na gwamnati, a daidaita da shi tun farko, wannan ya fi bin wanda ya tare mutum a tasha. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin masu jirgi ba kullum suke karɓar tiransifa ba, kuma sabis yana rauni a tsibirin.

Idan an zo har nan, ana iya leƙawa Kwatano?

Ana iya, kuma tafiyar ba ta da nisa. Tashar kan iyaka ta haɗin gwiwa da ke Seme-Krake an buɗe ta a watan Oktoban 2018, an rufe iyakar a Agustan 2019, aka sake buɗewa a Disambar 2020. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma yana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin cutar shawara. Ɗan Nijar ya tambayi ofishin shige da fice kafin ya taso, tun da ƙasarsa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. A bi ta ƙofa a buga hatimi, kada a bi 'yan acaɓar da suke alkawarin zagayewa ta bayan gari, domin wanda ya shiga ba hatimi zai sha tambaya a wajen fita. Ana canjin naira zuwa sefa a bakin iyaka, a ƙirga a gaban mai canji. A Kwatano akwai unguwar Zongo, inda Hausa take biyan bukata, kuma wanda ya ƙarasa Ouidah zai ga tata ƙofar ta rashin dawowa.

Wace tsaraba ake kawowa?

Kwakwa da man kwakwa, garin rogo, kyafaffen kifi da busasshen jatan lande, da tabarmi da kwanduna na saƙar hannu, duk ana samunsu a Agbalata. Mai hawa jirgin sama ya sa man a cikin babbar jaka, ya naɗe bakin gorar da leda biyu, kifin kuma a sake shanya shi da zarar an isa gida, domin danshin bakin teku yana bin sa. Shinkafar waje ko kaji masu ƙanƙara da za a yi wa mutum tayi da araha a bar su a inda aka gan su, ba za su wuce shingen kwastan na farko ba.